Barandar Ɓarar Agushi

Ranar da kuka zo gaishe ni daga wurin horonku, yarinyar nan mai tabarau ta ce aikin zama da matan da aka yi wa fyaɗe ba shi da wata wahala, sauraro ne kawai. Ban tanka mata ba, don baƙuwa ce, kuma ta kawo mini lemo. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin yadda muka yi aikin nan a Kafanchan tun bai da suna. A lokacin in aka tambaye ni sana'ata sai in ce ina taimakon ungozoma. Gaskiya ne, sai dai ba ita ke nan ba.

Sauraro kam sauraro ne. To amma wa zai yi maganar da za ki saurara? Macen da wannan abu ya sama ba ta zuwa da magana a baki, sau da yawa ma ba ta zuwa sam. Wahalar aikin tana wurin yadda za ta iso inda kike ba tare da gari ya san dalili ba, da yadda za ta zauna har bakinta ya buɗe don kansa.

A hannun Mama Chinedu na koya. Ungozoma ce 'yar ƙabilar Ibo, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa. Sun gudu gida lokacin tashin hankali, suka dawo bayan yaƙin basasa, ta buɗe ɗan ɗakin haihuwa a bayan gidajen ma'aikatan reluwe. Ni kuwa sabuwar zuwa ce daga ƙauyenmu, ga goyon ɗana Dauda, ta ɗauke ni wankin zannuwa da dafa almakashi. Abin da ta gani a wurin yaƙi ba ta taɓa faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai lura in aka kawo mace da irin wannan rauni, tun kafin masu rakiya su gama kame-kame ta gane.

Kayan aikinta ba su da yawa. Faifai biyu, ƙananan kujeru biyu na katako, kwanon ruwa, zane wankakke da kullum yake ninke a gefe, sai buhun agushi mai ɓawo. Kujerun ba ta ajiye su suna kallon juna. Gefe da gefe take jera su a baranda, duka suna fuskantar bishiyar mangwaro da ke tsakar gida, kuma ba ta taɓa sa mace ta zauna inda wani zai iya ɓullo mata ta baya ba. Agushin kuwa na miyar masu jego ne, kowa a unguwa ya san haka. Matan da suka zo awo, da masu jiran 'yar'uwa ta haihu, da masu neman hira kawai, duk wadda ta zauna a barandar nan sai an ɗora mata faifai a cinya. Saboda haka in aka ga mace tana ɓara a wurin, ba wanda zai ɗaga kai ya sake kallo.

Da farko na ɗauka rowa ce irin ta mai son a yi mata aiki a banza. Sai da na daɗe na gane mutum ya fi iya faɗin abu mai nauyi in hannunsa na aiki, idonsa na ƙasa, kuma ba wanda ya zuba masa ido. In maganar ta yi mata zafi sai ta koma kan agushi, ba wanda zai ce ta yi shiru, ai ɓara take yi.

Ni matsalata baki. Tun ina yarinya ba na iya ganin shiru in bar shi. Mama Chinedu ta sa ni zama a bayan ƙofa ina ɓara tsawon damina guda, ba ta yarda na ce uffan ba in tana tare da mace. Hausarta irin ta reluwe ce, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinta.

"Kai Rifkatu, bakinka ya fi injin jirgi ƙara," in ji ta. "Yi shiru. Shi zai yi magana in lokaci ya yi. In kai ka cika wurin da surutu, ina shi zai sa nasa?"

Jiki ake fara dubawa, wannan ba a wasa da shi. In raunin ya fi ƙarfinta, da kanta take raka mace asibiti wurin likita, ta tsaya a kanta har a gama. Bayan haka sai baranda. Akwai tambayoyin da ta hana ni har abada: me ya kai ki can, me kika saka, me ya hana ki ihu. Ta ce waɗannan tun a hanya macen ta yi wa kanta su sau ba adadi, ba ta bukatar ƙari daga gare mu. Tambayar da ta yarda da ita ɗaya ce, wa kike so ya sani. In mace ta ce ba kowa, to ba kowa. In ta ce tana so a je wurin 'yan sanda, mu ɗaura zane mu bi ta. An riga an yi mata abu ba da yardarta ba, saboda haka duk abin da zai biyo baya sai da yardarta.

Haka muka yi shekaru, har aka kawo Asabe.

Asabe 'yar cocinmu ce, matar Bulus mai gyaran taragu a reluwe, da 'ya'ya biyu. Citta take sarowa daga ƙauyukan wajen Kachia ta sayar a kasuwar Kafanchan, kuma duk layin masu citta ba wadda ta kai ta baki da dariya. Wata ranar kasuwa wani dillali ya ce ta zo ta duba buhunan da ya ajiye a sito. Ta bi shi kamar yadda ta saba bin kowane dillali. A nan ya yi mata abin da ya yi. Ta iso wurinmu da rana tsaka, zanenta a yage, ba ta kuka, ba ta magana. Mama Chinedu ta yi abin da ya kamata, ta ba ta zanen nan na ajiya. Da aka tambaye ta wa take so ya sani, ta ce mijinta kaɗai. Daga baya ita da Bulus suka kai ƙara, aka kama mutumin.

Tana zuwa baranda, tana ɓara, har ta fara cewa kalma ɗaya biyu. Sai surukarta ta ji labari.

Kada ku ɗauka muguwar tsohuwa ce. Tana son Asabe kamar ita ta haife ta. Hankalinta ne ya tashi, ta yi abin da kowace macen coci a ƙasarmu take yi in masifa ta shiga gida: ta kai roƙon addu'a wurin zumuntar mata. Mu kuwa a zumunta mun san abu ɗaya, in 'yar'uwa na cikin wahala ba a barinta ita kaɗai. Ranar Alhamis matan suka ɗaura zanen zumunta iri ɗaya, suka ɗauki tulun kiɗa da caki, suka bi titi suna waƙa har ƙofar gidan Bulus, kamar yadda ake zuwa gaisuwar mutuwa. Suka cika tsakar gida, suka yi addu'a da ƙarfi, suna kiran sunanta da sunan abin da ya same ta, maƙwabta na leƙe ta katanga. Kowacce ta riƙe hannunta ta ce sannu. Kun san irin sannun nan mai tsawo da ake karkata kai.

Bai tsaya nan ba. Ranar Lahadi wani dattijon ikilisiya ya tashi lokacin sanarwa, da zuciya ɗaya, ya gode wa Mama Chinedu. Ya ce duk 'yar'uwar da irin wannan ya same ta kada ta ɓoye, ta je barandar agushi, akwai taimako. Ina zaune a layin mata na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ji haushi ƙwarai, kuma ba wanda zan yi wa faɗa, don kowa alheri ya nufa.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Baranda ta mutu. Masu awo suka koma shiga ta ƙofar baya, su fita da sauri. In ka miƙa wa mace faifai sai ta ja da baya kamar wuta ce. Wata yarinya da muke tsakiyar zama da ita ta daina zuwa, har yau ban san inda ta ƙare ba, kuma abin yana damuna. Ana cikin haka hawan jini ya kwantar da Mama Chinedu, 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita gida. Ta bar mini ɗakin haihuwa da baranda, a tasha kuma ta miƙo mini faifanta ta tagar jirgi.

"Riƙe. Kada ka bar shi ya yi ƙura."

Asabe kuwa ta shige ɗaki ta rufe. Ba kasuwa, ba coci, ko rijiya ba ta zuwa. Na je gidan sau da yawa, ta bar ni in zauna, amma fuskarta na bango. Damina ta wuce a haka.

Wata safiya Bulus ya zo mini sanye da kayan aikinsa duk baƙin mai, ya tsaya a bakin baranda yana murza hula.

"Maman Dauda, ta ce za ta tafi. Yayarta za ta zo lokacin Kirsimeti ta ɗauke ta zuwa inda ba a san fuskarta ba. Ta ce in riƙe yara, wai sun fi kyau ba ita."

"Kai me ka ce mata?"

"Na ce ban ga laifinta ba. Kullum ina faɗa. Na ce ta gaya mini abin da zan yi, ko mene ne. In na yi magana sai ta ƙara juya baya." Ya ƙara murza hular. "Ni gyaran ƙarfe na iya, Maman Dauda. Wannan ban san inda ake kama shi ba."

Ya ba ni tausayi, na kuma ji tsoro, don na san in Asabe ta hau jirgin nan ba za ta dawo ba, kuma abin da take gudu zai bi ta duk inda ta sauka. Na ce ya je aiki, zan neme shi.

Daga nan gidan fasto na wuce. Matarsa ce shugabar zumunta, muna kiranta Mama Fasto, mace mai zafi amma mai jin magana in ka same ta ita kaɗai. Na tarar tana tsince wake. Na faɗa mata komai ba ɓoye-ɓoye.

"To mu da muka je mu ƙarfafa ta?" ta ce. "Ashe laifi muka yi?"

"Mama, kun je da ƙauna. Amma tun ranar duk wadda ta kalle ta, abin take gani, ba Asabe ba."

Ta ture waken gefe. "Yesu ya gafarta mana. Yanzu me za a yi? Mu koma mu roƙe ta?"

"Kada ma ku fara. Agushin abincin Kirsimeti na coci, a ina ake ɓare shi bana?"

"Kowa a gidanta, kamar kullum."

"Bana a barandata za a yi. Kowa da kowa, da ke a gaba. Ba zanen zumunta, ba tulu, ba waƙa. Mai addu'a ta yi a zuci. In Asabe ta zo, ba mai ce mata sannu."

"Ba sannu? Rifkatu, mutum ya shigo a ƙi gaishe shi?"

"A gaishe ta yadda ake gaishe ta bara."

Mama Fasto ta sanar a zumunta cewa agushin bana a wuri ɗaya za a ɓare, kuma duk wadda ba ta gani ba, za ta je ta ji dalili. Ba wadda ke son Mama Fasto ta zo neman dalili. Cikin mako guda baranda ta cika har tsakar gida, matar fasto a tsakiya da faifai a cinya, ga matan dattawa, ga 'yan kwaya masu waƙar coci, ga gulma da musu a kan wadda miyarta ta yi tsami a bikin bara. Masu awo suka leƙo, suka ga haka, suka dawo ƙofar gaba.

Bulus kuma na auna masa kason gidansu a ƙwarya. Na ce ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Asabe da yamma in ya taso aiki, ya ba ta gefe, ya ɓara, kada ya tambaye ta komai. Ban koya masa yadda ake yi ba, kuma da gangan ne. Agushi sai an yayyafa masa ruwa ya yi laushi kafin a murɗe ɓawon, in ba haka ba ƙwayar karyewa take yi. Bulus da yatsunsa na riƙe guduma ya zauna yana ta farfasa shi a bushe. Shi ya ba ni labari daga baya, yana dariya yana share ido. Ya ce ana nan sai ya ji motsi a bayansa, aka fizge faifan.

"Wa ya ce maka haka ake yi? Ka mai da abincin coci gari. Kawo ruwa."

Rabon da ya ji ta yi masa faɗa tun kafin abin ya faru. Ya ce bai taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Na je na sami Asabe washegari, na gaya mata gaskiya, don ba a yi wa mai irin wannan ciwo dabara a ɓoye. Na ce mata baranda cike take da matan zumunta, sun san sun yi kuskure, kuma ba wadda za ta ɗaga maganar. In ta ga dama ta kawo agushin da kanta, in ba ta so Bulus ya kawo, ba komai. Na tashi na tafi.

Kwanaki suka wuce, Kirsimeti ya matso, ban gan ta ba. Har na fara cire rai. Sai wata safiya, muna tsakiyar musu a kan wanda zai yanka akuya, na hango ta a bakin mangwaro da ƙwarya a hannu, ta ja ɗankwali har goshi. Ta rame sosai. Na ga kan wata mata ya fara karkata, bakinta ya fara haɗa sannun nan, Mama Fasto ta taka mata ƙafa.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, Kaka Kande, kunnenta ya yi nauyi, ban ma tabbata ta ji dokar da aka kafa ba. Ita ta ɗaga kai.

"Ke Asabe, tsayuwa kika zo yi? Zo karɓi wannan, idona ba ya gani." Ta matsa mata a kan tabarma, ta ɗora mata faifai. Asabe ta zauna, ta fara ɓara. Hira ta ci gaba da ɗingishi. Can sai Kaka Kande ta sake buɗe baki da ƙarfi irin na marasa ji.

"Ni fa kin cuce ni. Tun da kika bar kasuwa, cittar da nake saya kamar itace, ba yaji ba ƙamshi. Kununa ya lalace."

Kowa ya tsaya da ɓara. Na tsorata, don a sanadin cittar nan ne abin ya same ta. Na buɗe baki zan kawar da zancen, sai na tuna injin jirgi, na rufe.

Asabe ba ta ɗago ba. "Wurin wa kike saya, Kaka?"

"Wurin wannan doguwar ta bakin layi."

"Ai ita ba ta bari ta bushe. Tun da ɗanyenta take zubawa a buhu, shi ya sa take fumfuna."

"To ni ina ruwana? Yaushe za ki kawo mini mai kyau?"

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta murɗe, ta jefa a ƙwarya. Ta ɗauki wata.

"Bayan Kirsimeti, Kaka. In sabuwa ta fito zan kawo miki."

Na tashi na shiga ciki kamar zan duba ruwa a wuta, na tsaya bayan ƙofa na yi kukana na murna, na wanke fuska na fito.

A ranar, da kowa ya watse, Asabe ba ta tashi ba. Na jera kujerun nan biyu suna kallon mangwaro, muka zauna da sauran agushi. A nan ta faɗi abin da ta riƙe tun farko, da kaɗan-kaɗan, tana tsayawa tana ci gaba. Da ta gama na ce mata abin da Mama Chinedu take faɗa in lokacinsa ya yi: ba ke kika yi ba, shi ya yi. Bulus ya sha gaya mata haka, amma sai ranar maganar ta sami wurin shiga.

Kada ku ce daga nan ta warke. Yayarta ta zo, ta ci Kirsimeti, ta koma ita kaɗai, wannan gaskiya ne. Amma an daɗe Asabe ba ta shiga sito ba sai da wata mace a gefenta, kuma akwai ranakun da take zuwa ta zauna ta ɓare faifai guda ba ta ce komai ba, ta tashi ta tafi. Waɗannan ranakun ma aiki ne, kuma su ne suka fi yawa. Ku yanzu kuna da ilimin da ba mu da shi, da magungunan da ba mu sani ba, na kuma gode wa Allah da na ga haka. Ku dai duba ƙofar da mace za ta bi ta iso gare ku, da wanda zai gan ta tana shiga.

Bayan wasu shekaru, wata rana da hantsi ina shanya zannuwa, sai ga Asabe ta shigo, ta yi ƙiba, muryarta ta dawo har ta fi da. A bayanta akwai wata matashiya, kanta a ƙasa, ta ƙanƙame gefen zanenta. Akwai masu awo a baranda, saboda haka Asabe ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Maman Dauda, ga maƙwabciyata a kasuwa. Kin ga ƙatuwar mace haka, wai ba ta iya ɓarar agushi ba. Na ce yau sai ta koya."

Matan suka yi dariya suka ci gaba da hirarsu. Na ɗauko kujerun na kai can ƙarshen baranda, na jera su, zan zauna. Asabe ta dafa kafaɗata.

"Bari, Mama. Ni zan nuna mata."

Ta miƙa hannu ta zaro faifan Mama Chinedu daga inda yake rataye. Ni kuma na koma shanyata.